Mai Riƙe Igiyar Sama'ilu

Sama'ilu ya dawo Gidan Tsamiya, wani ƙauye gabas da Zakirai, a shekarar da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ruwan sama kuma ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. A bayan akori-kura ya iso, da matarsa Kulu da 'yarsu Rahmatu, da gadon ƙarfe da tukwane, da wani tari da ba ya barinsa ya ƙarasa doguwar magana. Shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana aikin kwana-kwana a birnin Kano. Hayaƙin gobarar wani rumbun auduga ne ya taɓa masa ƙirji, da aka tashi rage ma'aikata kuwa, da masu irin larurarsa aka fara.

Mutanen ƙauye sun ɗauka aikin kwana-kwana kashe wuta ne kawai. Alhali rabin kiran da ake yi musu na rijiya ne da kududdufi: yaro ya zame, tunkiya ta afka, mace ta leƙa guga jiri ya ɗebe ta. Sama'ilu ɗan siriri ne, gajere, saboda haka shi ake ɗaura wa igiya a zura. Abokan aikinsa Kwaɗo suke kiransa. Wanda ke riƙe masa igiya kuma Nababa ne, wani ƙato mai faɗin kafaɗa da muguwar murya. Tun suna sababbin ɗauka suke tare, har ta kai in Sama'ilu na ƙasa ba ya buƙatar ɗaga murya. Daga motsin igiyar Nababa ke gane ya taka ƙasa, ko ya kama mutum, ko numfashi ya fara yi masa wuya.

Yayansa Mati, wanda ke noma gonar gado tun rasuwar mahaifinsu, ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ya yankar masa gefen gona wajen kuka, ya ba shi ɗakuna biyu a sashen yamma. Babu wanda ya yi masa rowa duk da ƙuncin da ake ciki, shekarar da gidaje da dama suka koma tuwo sau ɗaya a rana. Amma Sama'ilu ya kasa zama daidai. Ko a masallaci sai ya juya takalmansa suna kallon hanya. A makarantar firamaren garin akwai tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a bishiya, shi ake bugawa a tashi yara. Duk lokacin da aka buga shi sai Sama'ilu ya tsinci kansa a tsaye, fartanya a yashe, kafin ya tuna babu motar da zai hau. Matan da ke wucewa da itace su kan rufe baki su yi gaba.

Da farko yana zuwa majalisa a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Amma tambayar mutane ɗaya ce: gawa nawa ya taɓa cirowa, yaya fuskar wanda ya kwana a ruwa take. Ya amsa na kwana biyu, daga baya ya daina zuwa. Abin da ke ransa ba shi ake tambayarsa ba. Shi harabar ofishinsu yake tunawa da hantsi, ana wanke jar motar nan har sai mutum ya ga fuskarsa a jikinta, an shimfiɗa mesa a rana, buta ɗaya ta shayi tana zagaya mutum shida. Ya fi tuna ranakun da aka fita ba a yi sa'a ba. In sun dawo sai su zauna a gindin darbejiya, kowa ya cire hular kwanonsa ya ɗora a gwiwa, babu mai cewa uffan. Can sai Nababa ya kama wata waƙa da muryarsa mai kama da ta jaki, ya yi ta kwaɓa ta har sai wani ya jefe shi da takalmi. Daga nan sai a tashi a ci abinci. A Gidan Tsamiya akwai masu hira da yawa, amma babu wanda zai zauna su yi irin wannan shirun tare.

Da rani ya tsananta, rijiyar bakin masallaci ta ja baya. Guga ya koma fitowa da taɓo, mata suna kwana biyu ba su yi wanki ba. Mai unguwa Sabo ya tako da kansa har zauren Mati.

"Malam Sama'ilu, Allah ya kawo mana kai a kan gaɓa," in ji shi. "Rijiyar nan yasa take so. Yaran nan kowa tsoro yake ji, kai kuwa sana'arka ce."

Kulu ta ji daga cikin gida, ta aiko Rahmatu ta tuna wa babanta ƙirjinsa. Amma Sama'ilu ya riga ya amsa. Rabon da a ga fuskarsa ta washe haka tun ranar da suka sauke kaya. Ya wuni yana duba igiya taƙi-taƙi, yana murza ta a tafin hannu, ya yanke inda ta lalace ya sake ɗaurawa.

Washegari da hantsi rabin gari ya taru. Ya ɗaura igiyar a ƙugu da cinyoyi yadda ya saba, ya zauna a bakin rijiyar ya zura ƙafafu. Sanyin ƙasa da warin taɓo suka bugo shi, warin da ya sani kamar na ɗakinsa. Sai ya waiwaya. Mati ne a gaba riƙe da igiya, bayansa samari huɗu, biyu daga cikinsu suna gardamar farashin akuya. Mati ya yi masa murmushi ya ce, "Bismilla, ƙanena, muna nan."

Ya yi bismilla, amma jikinsa ya ƙi. Hannuwansa suka manne a dutsen bakin rijiyar, gumi ya karyo masa har cikin ido. Yana jin mutane suna magana kamar daga bayan katanga. Ya sake yunƙurawa, tari ya turnuƙe shi. Da ya lafa sai ya janye ƙafafunsa, ya kwance igiyar a hankali, ya naɗe ta ya ajiye a gaban mai unguwa, ya bi ta tsakiyar jama'a ya tafi gida ba tare da ya kalli kowa ba.

Magana ta yi yawa a garin. Wasu suka ce aljanun rijiyoyin birni ne suka biyo shi, wasu suka ce dama can cika baki ne. Mati kuwa sai ya je wurin liman ya karɓo masa rubutu. Sama'ilu ya shanye ya yi godiya. Amma ya daina fita sai salla da gona, a gonar ma sai ya zauna a gindin kuka yana kallon hanyar Zakirai.

Wata rana da azahar Kulu ta kawo masa fura har can. Ta ajiye ƙwaryar ta zauna nesa kaɗan.

"Malam, in yi magana?"

"Ina jin ki."

"Ni ban yarda iska ce ba. Na zauna da kai a bariki, na san yadda kake dawowa in an yi rashin sa'a. Ba gida kake fara zuwa ba, sai ka gama zama da mutanenka sannan ka shigo ka iya cin tuwo. To yanzu wata nawa kana ɗauke da abin nan, ba ka da inda za ka sauke?"

Ya riƙa juya ludayi a cikin furar.

"Ni ma ina kewar bariki," ta ce. "Ina kewar famfo, ina kewar Sa'adiya matar Nababa. Amma ni in na ga dama ina shiga maƙwabta in yi kukana. Ka je ka nemi mutumin nan."

"In ce masa me? In ce masa Kwaɗo ya ga rijiya ya gudu?"

"Ka faɗa masa haka ɗin. Shi ai ba zai tambaye ka gawa nawa ba."

Ranar kasuwar Zakirai ya samu motar 'yan hatsi mai shiga birni. Da yake bai san inda Nababa ya koma ba bayan an sallame su, sai ya fara biyawa ta tsohon ofishinsu. Darbejiyar tana nan, bencin yana nan, amma waɗanda ke kai samari ne da bai sani ba. Wani ya tambaye shi ko rahoton gobara ya kawo. Sai ga Ɗan'auta, tsohon direbansu, ya fito daga ƙarƙashin mota da baƙin mai a hannu, ya yi ihu ya rungume shi.

"Kwaɗo! Kai ne ka rame haka? Ƙauyen babu tuwo ne?"

Suna tsaye suna gaisawa, Ɗan'auta yana gaya masa cewa Nababa yana sabuwar kasuwar hatsi ta Dawanau yana ɗinkin buhu, sai aka buga ƙararrawa. Samarin suka zabura. Ɗan'auta ya saki hannunsa ya haye mazauninsa. Sama'ilu bai san lokacin da ya isa bayan motar ba, sai ganin hannunsa ya yi a kan ƙarfen da ya saba kamawa, ƙafarsa ɗaya a kan matakala.

"Baba, ɗan matsa mana," in ji wani saurayi, cikin ladabi, yana gyara hular kwanonsa.

Ya matsa. Motar ta fita da jiniya, ya tsaya a tsakiyar harabar yana sauraronta har ta ɓace cikin hayaniyar gari. Sannan ya ɗauki jakarsa daga kan benci ya fita.

A Dawanau ya sha tambaya kafin a nuna masa layin 'yan wake. Can ya hango shi zaune a kan buhu, basilla a hannu, zare a baki. Faɗin kafaɗar yana nan, amma rigar ta yi masa yawa, gemunsa ya yi fari fat. Sama'ilu ya tsaya a gabansa ya yi sallama. Nababa ya amsa bai ɗago ba, ya ce a ajiye buhun a layi. Sai ya ɗago. Zaren ya faɗo daga bakinsa.

"La'ilaha illallahu. Wa ya fito da kai ba ni ba?"

Suka riƙe hannun juna suka ƙi saki, kowa yana tambayar iyali, ana amsawa ana sake tambaya. Nababa ya ture buhu ya ba shi wuri, ya aika a kawo musu shinkafa da wake. Da suka ci suka wanke hannu, Sama'ilu ya ba shi labarin rijiyar bakin masallaci, bai rage komai ba, har da yadda jikinsa ya ƙi.

Nababa bai yi dariya ba. Ya buɗe tafukan hannunsa ya nuna masa.

"Ka ga waɗannan? Bayan an sallame mu, wata da watanni in na farka sai in same su a dunƙule, sai Sa'adiya ta zuba musu ruwan ɗumi suke buɗewa. Hanyar gidana akwai kududdufi, har yau zagaye nake yi ta bayan makaranta don kada in ga yara suna wanka. Akwai lokacin da na yi sati ban fita ba, ina ɗaki ina kallon bango. Ƙanina ne ya kai ni wurin wani likita. Na ɗauka allura zai yi mini, sai ya ce in ba shi labari. Na ce wane iri? Ya ce duk wanda ya zo. Na yi ta zuba kamar an fasa tulu. Ya ba ni ƙwayoyi na samu barci, ya ce kuma in nemi aikin da hannu zai yi, a cikin mutane. Shi ne ka gan ni nan."

"Kai ma?" in ji Sama'ilu. "Kai da kake mana waƙa?"

"To me ka ɗauka waƙar ta mece ce? In ban buɗe baki na yi wannan haukan ba, kuka zan yi a gaban yara."

Wani ɗan dako ya kawo buhu ya jingine. Nababa ya ja shi gabansa, ya kama bakin ya fara ɗinki. Sama'ilu ya zuba wa hannuwan ido, yadda suke jan zare ba gaggawa.

"Nababa, alfarma na zo nema. Ka zo Gidan Tsamiya ka riƙe mini igiya. Sau ɗaya tak. In kai ne a sama na san zan sauka. In yashe musu rijiyar nan, in wanke fuskata a garin."

Basillar ta tsaya. 

"Ba zan zo ba, Kwaɗo."

"Kuɗin mota ne? Ni zan..."

"Ba mota ba ce. Kai in ka sauka aiki kake yi, hankalinka na kan wanda ka je ɗaukowa. Ni ina sama, ba na ganin komai sai baƙin rami, ina jiran igiya ta yi motsi. Duk saukar da ka yi sai na ce a raina yau ce ranar da zan je in yi wa Kulu sallama in rasa abin faɗa. Shekara ashirin ina wannan. Allah ya rufa mana asiri, ban taɓa jawo igiya babu kai ba. Ranar da aka sallame mu na yi baƙin ciki kamar kowa, amma da na isa gida sai da na yi sujada. Yanzu da wannan ƙirjin naka kake so in sake zura ka? Wallahi ko hakimi ne ya aiko ba zan riƙe ba."

Sama'ilu ya ji abin ya soke shi. Ya taho da tabbacin cewa ko duniya ta ƙi shi, wannan mutumin zai ce masa tashi mu je. Ya kawar da kai yana kallon motocin da ake lodi. Idonsa ya ciko, ya bar shi ya zubo, bai share ba. Nababa ma bai ce ya yi haƙuri ba. Ya ci gaba da ɗinkinsa, suka zauna kafaɗa da kafaɗa, kasuwa tana ta hayaniyarta. Sun daɗe a haka. Sama'ilu ya ji wani abu da ya ƙulle masa a ƙahon zuci tun ranar da ya bar birni yana sassautawa kaɗan-kaɗan.

"To ni yanzu mene ne?" ya ce daga baya. "Manomin da bai iya riƙon garma ba?"

"Ni ma da na zo nan yatsuna na riƙa ɗinkewa da buhu. Ka koya. Rijiya kuma akwai masu haƙarta, sana'arsu ce, a kira su. Kai ka yi naka." Ya ciji zare ya tsinke. "Hadi na ofishinmu ma yana nan Kurna yana gadin wani shago, kullum sai ya tambaye ka. Ranar Juma'a yake biyowa mu yi salla tare."

Bayan la'asar Nababa ya raka shi bakin titi. Ya cusa masa ƙullin wake a jaka ya ce na Kulu ne, ya tsaya har motar ta tashi.

Da Sama'ilu ya koma, ya je wurin mai unguwa Sabo da kansa, a gaban 'yan majalisa. Ya ce shi da shiga rijiya sun yi sallama, jikinsa da zuciyarsa sun gaji, a yi masa afuwa a nemo masu haƙa daga Zakirai. Ya zaci za a yi dariya. Wani dattijo ne kawai ya ce, "Allah ya saka da abin da aka yi a baya," aka shafa, aka koma zancen tsadar taki. Ranar da masu haƙar suka zo, ya tsaya daga nesa a inuwar masallaci har suka fito da mutuminsu lafiya, sannan ya tafi gona.

Ba a ce ya warke ba. Ƙarfen makaranta bai daina tayar da shi ba, sai dai yanzu in ya miƙe yakan yi tsaki ya ce wa Mati, "Ka ga, an kira mu," Mati ya ce, "To a dawo lafiya," su ci gaba da noma. Akwai ranakun da yake tashi ba ya son magana da kowa, Kulu ta gane ta bar shi. Duk Juma'ar da ya samu mota yakan tafi Dawanau, wani lokaci da ɗan wake ko gyaɗar sayarwa, wani lokaci hannu sake. Su uku suke zama da Hadi a layin 'yan wake. In motar kwana-kwana ta wuce a babban titi da jiniya, dukansu sukan yi shiru su juya, kowa yana lissafin unguwar da ta nufa.

Damina ta biyu ruwa ya sauka sosai. Ana tsakiyar noman farko, wata Talata da hantsi, Rahmatu ta zo gona da gudu ta ce an yi baƙi daga birni, mace da namiji, matar tana ciki ita da Inna sai kuka suke suna dariya. Kafin Sama'ilu ya ajiye fartanya ya hango Nababa yana tahowa ta kan kunya, ya tattare babbar riga, yana tattaka shukar Mati ba tare da ya sani ba.

"Wannan ce gonar?" in ji Nababa yana haki. "Tun daga titi nake tafiya, ƙafata ta mutu. Sa'adiya ce ta matsa sai ta ga Kulu."

"Ka sauka daga kan geron mutane tukuna."

Nababa ya dubi ƙafafunsa, ya yi tsalle gefe, ya sake taka wani. Mati ya riƙe baki. Sama'ilu ya miƙa wa abokinsa fartanya, Nababa ya juya ta sama da ƙasa ya mayar masa, ya je gindin kuka ya baje ya ce shi baƙo ne, a kawo masa fura. Kwana uku suka yi. Ranar da za su koma, Sama'ilu ya raka su har Zakirai, ya tsaya a tasha bayan motar ta tafi, sai da mai shayi ya tambaye shi ko wani yake jira. Ya ce a'a, ya kama hanyar gida, don akwai sauran kunya biyar da bai nome ba.